Jif ta alfarma ta hannu: me zan duba kafin in biya kuɗi?

Baban Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san mota. Jif biyu ne a gabana, duka na hannu. Ta farko Range Rover Sport ce ƙirar 2014, inji V6 mai lita 3.0 da sufacaja (na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji), agogonta na nuna kilomita 95,000, jikinta tsaf, amma mai ita ba shi da ko takarda ɗaya ta tarihin gyara. Ta biyu Lexus GX460 ce ƙirar 2012, ta ci kilomita 210,000, kujerar direba ta ɗan tsattsage, amma akwai rasit na kusan duk abin da aka taɓa yi mata. Gaskiya zuciyata tana kan Range ɗin. Me ya kamata in duba kafin in saki kuɗina?

Ɗan Auta:
Wa alaikumussalam. Yallaɓai ka rufe ido ka ɗauki Lexus, magana ta ƙare.

Oga Mai Gareji:
Wa alaikumussalam. Ɗan Auta, ba a rufe ido a sayi mota ta hannu, ko wane kamfani ya ƙera ta. Sunan kamfani yana gaya maka yadda aka ƙera mota. Yadda aka riƙe ta shekara goma kuwa sai an buɗe an duba.

Baban Walid, abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka sa sharaɗi tun a waya: motar ta kwana ba a tayar da ita ba, kai ne za ka fara murza ta da safe. Da ka isa, kafin a taɓa makulli, ka buɗe bonet ka ɗora bayan hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, sai ka ce ka dawo gobe. Dalili kuwa, yawancin cututtukan inji a daƙiƙun farko na tashin sanyi suke bayyana. Sarƙar tayimin da ta saki tana yin karaf-karaf na ɗan lokaci kafin baƙin mai ya hau ya danne ƙarar. In inji ya yi zafi ba za ka ji komai ba. Haka hayaƙi. Ka sa wani ya tayar, kai ka tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya ɗumama, musamman in yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto ne ke shiga inda bai kamata ba. Ɗan tururi da safe ba komai ba ne.

Kwanan da motar za ta yi yana da wani amfani na biyu. Range ɗin nan a kan balan-balan na iska take tsaye, ba a kan sifirin na ƙarfe ba. Ka je da yamma da tef, ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi, ka rubuta. Da safe ka sake aunawa kafin a tayar. In kusurwa ɗaya ta durƙusa, balan-balan ɗin ko bawul ɗinsa na yoyon iska. Kuma balan-balan mai yoyo ba shi kaɗai yake mutuwa ba, yana sa kwamfureso ta yi ta aiki ba hutu har ita ma ta ƙone. Bayan an tayar, ka danna maɓallin ɗaga mota zuwa sama, ka sauke ta ƙasa, ka sake ɗagawa. Ka saurari kwamfuresar, ka ga ko za ta ja lokaci ko saƙon gargaɗi zai fito.

Baban Walid:
Oga na gode ƙwarai. Wannan na awon tef ban taɓa jin sa ba. To shi injin Range ɗin, akwai wani ciwo da aka san shi da shi?

Oga Mai Gareji:
Akwai. Injin V6 ɗin nan ɗan'uwan V8 mai lita 5.0 ne, daga jikinsa aka fitar da shi, kuma raunin da kanikawa suka fi sani a kansu shi ne hanyar ruwa. Akwai bututan roba masu tauri da ke ɗauke da ruwan sanyaya inji, wasu a ƙarƙashin sufacaja inda ido ba ya kaiwa. Zafi da shekaru suna busar da su har su tsage. Famfon ruwa ma yana fara tsatsafo. Injin kuma na alminiyon ne, ba ya jure tafasa. Sau ɗaya ya tafasa da kyau, kan injin na iya lanƙwashewa. Don haka ka tambayi mai motar kai tsaye: an taɓa canza bututan ruwa da famfo? In ya ce an canza, ina rasit? Ka duba tankin ruwa, ka nemi farin ɓurɓushi ko busasshen tabo mai launi a kusa da gaɓoɓin tiyo, ka kuma shaƙi ƙamshin da ke tashi daga bonet bayan an yi tafiya. Bakanike nagari yana da famfon da ake ɗaurawa a bakin tanki a matsa iska, a jira a ga ko allurar famfon za ta sauka, alamar akwai yoyo. Akwai kuma gwajin wani shuɗin ruwa da ake riƙewa a bakin tankin. In hayaƙin inji na shiga cikin ruwa saboda gasket ya ƙone, ruwan gwajin zai koma rawaya. Gwaje-gwajen nan biyu ba sa cin lokaci, kada ka yarda a tsallake su.

Injiniya:
Bari in ɗora daga inda Oga ya tsaya, ta ɓangaren kwamfuta, don a nan ake yawan yaudarar mutane.

Da yawa suna ganin in dashbod ba ta nuna wata fitilar gargaɗi ba, to mota lafiya lau. Goge fitila aikin minti ɗaya ne da ƙaramar na'ura. Amma gogewar tana barin sawu. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motoci tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, Turai ma ta bi daga baya. A cikin tsarin akwai gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta yayin tafiya: na sansar iskar salansa, na katalis mai tace hayaƙi, na tururin tankin mai, da sauransu. Duk lokacin da aka goge lambobin matsala ko aka cire batir, waɗannan gwaje-gwajen suna komawa matsayin "ba a kammala ba", kuma sai motar ta yi tafiya iri-iri kafin su cika. Saboda haka in ka jona na'ura ka ga babu lambar matsala ko ɗaya amma gwaje-gwajen ba su kammala ba, ka san kwanan nan aka share allon. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga wajajen 2010 kuma suna ajiye wasu lambobi na dindindin waɗanda na'ura ba ta iya gogewa, motar ce kaɗai ke cire su bayan ta tabbatar da kanta cewa an gyara. A ce wa mai na'urar ya buɗe wannan shafin.

Na biyu, ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya inji kawai take karantawa. Jif ta alfarma tana da ƙwaƙwalen kwamfuta gommai: na giya, na birki, na ƙafafun iska, na jakunkunan kariya, na kujeru, na ƙofofi. Ka nemi wanda ke da na'urar da ta san irin motar, ya zagaye dukkansu, ya ba ka rahoton a rubuce ko a hoto kafin ya goge komai.

Na uku, kilomita 95,000 a motar 2014 ba tare da takarda ba, ni ba na ɗaukar sa da muhimmanci. Mayar da agogo baya a motocin zamani da kwamfuta ake yi, ba a ko kwance dashbod. Sai dai lambobin matsala da yawa suna ajiye kilomitar da abin ya faru. In agogo ya ce 95,000 amma wata tsohuwar lamba a ƙwaƙwalwar giya ko ta birki ta ce abin ya faru a 150,000, ka samu amsarka.

Ɗan Auta:
Duk wannan wahalar saboda Range Rover ce fa. Lexus ba ta buƙatar wannan dogon bincike.

Alhaji Mai Range:
Ɗan Auta, kana magana kamar wanda bai taɓa zama a cikin motocin nan biyu ba. GX460 a kan firam irin na babbar mota aka gina ta, 'yar gida ɗaya ce da Prado. Tana da ƙarfi, ba musu, amma tuƙinta da nauyi, kuma V8 ɗinta mai lita 4.6 yana shan mai sosai. Range Rover Sport ta 2014 kuwa sabon zubi ce gaba ɗaya, jikin alminiyon, giyar kamfanin ZF mai hawa 8. Wanda ya tuƙa ta a doguwar hanya ya san abin da nake faɗa. Mutum yana da haƙƙin son jin daɗi da kuɗinsa. Abin da ba na so shi ne a riƙa tsorata mutane da suna kawai. Range ɗin da aka kula da ita, ana canza mata mai a kan kari, ana gyara ƙaramin abu kafin ya girma, tana yi wa mai ita hidima.

Kuma Lexus ɗin ba daga sama ta faɗo ba. Injin GX460 an san shi da yoyon ruwa daga farantin da ke tsakiyar kwarin V ɗin, ƙarƙashin manifol, aikin da sai an kwance saman inji. Na shekarun farko an san su da matsalar famfon da ke tura iska cikin salansa lokacin tashin sanyi. Tana da tsarin KDSS mai aiki da mai a sandunan da ke hana mota tangaɗi, in ya yi yoyo motar na karkata gefe guda. Masu babban mataki suna da balan-balan a baya su ma. Firam ɗin kuma ƙarfe ne, in ta zauna a ƙasar da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, tsatsa na cin sa daga ciki. Su ma a duba su da kyau.

Oga Mai Gareji:
Alhaji ya yi gaskiya a kan cututtukan Lexus, dukkansu haka suke. Amma ranka ya daɗe ka lura da kalmar da ka yi amfani da ita: "wadda aka kula da ita". To ita ce fa ba mu da hujjarta a kan wannan Range ɗin. Ba irin motar nake suka ba, wannan guda ɗin da ba ta da tarihi nake shakka.

Direban Dogon Zango:
Ni tambayata a kan kilomita ce, don na ga Baban Walid kamar 210,000 ɗin ce ta tsorata shi. Aikina tuƙi ne, kuma abin da na sani shi ne doguwar hanya ba ta gajiyar da inji kamar gajeriyar zirga-zirga. Motar da ke shafe awanni a babbar hanya injinta na kan zafi daidai, giya na zaune a hawa na sama, birki na hutawa. Wadda kullum daga gida zuwa ofis ne a cikin cunkoso, ana kashe ta kafin ta gama ɗumama, ita ce baƙin manta ke tara danshi da dauɗa, ga dogon tsayuwa inji na aiki agogo bai motsa ba. Motar da ta daɗe a ajiye ma tana da nata ciwon, robobi na bushewa, batir na mutuwa, birki na kamawa. Ƙarancin kilomita shi kaɗai ba shaida ba ce.

Baban Walid:
Na fahimta. Amma 210,000 ba ta kusa ƙarshen rayuwar giya ba kuwa?

Injiniya:
Ya danganta da ko an taɓa canza man giyar. Kamfanonin mota da yawa sun riƙa cewa man giya na har abada ne, ba a canzawa. Amma ZF, kamfanin Jamus da ya ƙera giyar da ke cikin Range ɗin da ta BMW da dama, shawararsa ita ce a canza tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000, ko bayan shekara 8. Giyar Lexus ɗin ba ta ZF ba ce, mai hawa 6 ce, amma hikimar ɗaya ce. Ka bincika rasit ɗin nan da kake da su: akwai canjin man giya? Na difaranshal gaba da baya? Na akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya? Man birki, wanda ya kamata a sabunta kusan duk shekara 2? In duk suna nan, 210,000 ba abin tsoro ba ce. Ka kuma jera rasit ɗin bisa kwanan wata ka ga ko kilomitar na hawa daidai ba tare da ta taɓa komawa baya ba, kuma lambar shasin da ke kansu ta motar ce.

Maman Hanifa:
Sannunku da ƙoƙari. Duk an tafi inji da giya, ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne wanda zai zauna a ciki. Baban Walid, iyali za ka ɗauka a motar nan.

Ka kunna wutar motar ba tare da ka tayar da inji ba, ka kalli dashbod. Dole fitilar jakar iska ta kariya da ta birkin ABS da ta inji su kama, sannan in ka tayar da inji kada ko ɗaya ta rage a kunne. In wata ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don a ɓoye matsala. Akwai motocin da suka yi hatsari jakunkunan suka fashe, aka rufe gurbin ba a mayar da sababbi ba. Ka duba murfin tsakiyar sitiyari da na gaban fasinja, in launinsu ko laushinsu ya bambanta da sauran dashbod, ka yi tambaya. Ka zaro kowane bel ɗin kujera har ƙarshe, ka fizge shi da ƙarfi ka ga ko zai cije.

Zaro bel ɗin yana tona wani asirin kuma. Motar da ambaliya ta shanye, ana wanke ko'ina a manta da ƙarshen bel, sai ka ga layin laka ko tabon ruwa. Bayan guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017 a Amurka, motoci masu ɗimbin yawa ruwa ya ci, wasunsu aka shanya aka goge aka sayar a wasu wurare. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ramin safayar taya, ka haska ƙarƙashin kujeru ka ga ko ƙarafan sun yi tsatsa. In ka shiga mota turare ya buge ka fiye da kima, ka rufe gilasai ka kashe esi ka zauna na ɗan lokaci, warin danshi ba ya ɓuya. Ko ba ambaliya, rufin gilashi na sama yana da ƙananan magudanai da ke toshewa, ruwan sama ya gangaro ƙarƙashin kafet inda wayoyi da kwamfutoci suke.

Sai batun jakunkunan kamfanin Takata da aka yi wa kiranye a duniya, miliyoyin motoci, saboda suna iya tarwatsewa su watsa ƙarfe a fuskar mutum. GX460 ta waɗannan shekarun tana cikin jerin. Ana saka lambar shasi a shafin kamfanin motar a ga ko an canza.

Baban Walid:
Hajiya Allah ya saka da alheri. Wannan na bel da Takata zan fara da su.

Mai Fenti:
Ni aikina bodi da fenti. Dabarar da aka saba ta manna maganaɗisu a jikin mota don gano inda aka cika da foti ba za ta yi aiki a kan Range ɗin ba, domin maganaɗisu ba ya kama alminiyon. Ka nemi na'urar auna kaurin fenti wadda ke karanta ƙarfe da alminiyon duka. Ba sai ka haddace adadi ba, ka auna rufi, ka auna ƙofofi da fenda da bonet ka kwatanta. Inda ya ninka sauran an sake fesawa, inda ya ninka sau da yawa akwai foti a ƙasa. Fesa ƙofa ɗaya saboda ƙarzuwa ba laifi ba ne. Abin gudu shi ne a ga gefe guda gaba ɗaya, ko ginshiƙan da ke riƙe da rufi.

Ka kalli kan notocin da ke riƙe da fenda da bonet da ƙofofi, in fentin kansu ya ɓantare an taɓa kwance su. Ka bi tsagar da ke tsakanin ƙofa da fenda da yatsa, hagu da dama su zo ɗaya. Fitilar gaba ɗaya sabuwa fil ɗaya ta dushe, alama ce. Kuma ka sani gyaran jikin alminiyon ba kamar na ƙarfe ba ne, a masana'anta da ƙusoshin matsi da gam na musamman aka haɗa yawancinsa. In ta taɓa cin karo mai tsanani aka gyara ta a hannun wanda ba shi da kayan aikin, ƙarfinta na kare mutum ba zai koma yadda yake ba. A ɗaga ta sama ko a hau rami da ita, a haska ƙasa da tocila. Motar da ba a ga cikinta ta ƙasa ba, ba a duba ta ba.

Lauyan Zaure:
Gajeriyar gudummawa. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, haka tsarin yake tun 1981, kuma ba a saka haruffan I da O da Q a ciki. Ka karanta ta a gindin gilashin gaba, da a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, da wadda na'ura za ta karanto daga kwamfutar motar, da ta kan takardun mallaka. Dole duka su zo ɗaya, harafi da harafi. In motar ta taɓa zama a Amurka ko Kanada, rahoton Carfax ko AutoCheck zai iya nuna hatsari, ambaliya, ko an taɓa yanke mata hukuncin lalacewa gaba ɗaya, da kilomitar da aka rubuta a lokuta daban-daban. Ka ciro rahoton da kanka, kada ka karɓi hoton da mai sayarwa ya turo. Rahoto mai tsabta kuma ba ya nufin ba ta yi hatsari ba, abin da aka kai rahotonsa kawai yake nunawa. A ƙarshe ka tabbatar sunan da ke takarda na wanda zai karɓi kuɗinka ne, kuma babu bashin banki a kanta. A rubuta yarjejeniya da shaidu.

Direban Dogon Zango:
Ba a yi maganar gwajin tuƙi ba. Kada ka yarda da zagaye layi ɗaya. Ka kashe rediyo, ka tuƙa ta aƙalla rabin awa, cikin gari da babbar hanya. Ka taka a hankali ka ji giya na hawa ɗaya bayan ɗaya ba fizga, sannan ka taka sosai ka ji yadda take saukowa. Ka rage gudu kamar za ka tsaya sai ka sake takawa, a nan giya mai ciwo ke bugawa. Ka sami fili, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali hagu da dama. In ka ji motar na cijewa ko tana tsalle-tsalle, akwatin raba ƙarfi ne ko difaranshal. In tana da ƙaramar giya ta hawan tudu, ka saka ta ka cire, don wasu shekara da shekaru ba a taɓa ta ba har ta maƙale. Ka bi ta kan hanya mai gargada ka saurari ƙwanƙwasa daga ƙafafun gaba. Motocin nan duka sun haura tan 2, suna cin bushin da boris da birki fiye da ƙaramar mota. Da ka dawo, ka bar ta tana aiki da esi a kunne kana kallon allurar zafi, sannan ka matsar da ita ka duba ƙasan inda ta tsaya.

Tayoyi ma ka karanta su. A gefen kowace akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Jif mai jan ƙafa huɗu tana son tayoyi iri ɗaya masu kusan cin daidai. In ka ga kowace ƙafa da irin tata, mai motar yana tsuke hannu, kuma wanda ya tsuke hannu a taya da wuya ya sake shi a man giya.

Baban Walid:
'Yan uwa ga yadda aka yi da Range ɗin. Na je da bakanike da mai na'ura. Mun yi alƙawarin kada a tayar, amma da muka isa injin da ɗumi, mai motar ya ce matsar da ita ya yi don a wanke. Dashbod ba fitila ko ɗaya. Na'ura ta nuna babu lambar matsala a inji, amma gwaje-gwajen da Injiniya ya ambata yawancinsu ba su kammala ba. Da aka shiga ƙwaƙwalwar ƙafafun iska sai ga tsohuwar lamba da aka ajiye a kilomita 163,000. Fenti lafiya, ban da bamba. Da aka matsa iska a tankin ruwa allura ta sauka a hankali. Mai motar ya ce shi ma haka ya saye ta, kuma ya yarda zai yi ragi mai yawa. Me kuka gani?

Alhaji Mai Range:
In ragin ya isa ya biya bututan ruwa da famfo da sabis na gaba ɗaya, har ya bar maka wani abu a ajiye, ni ban ga laifi ba. Jikinta bai taɓa hatsari ba, wannan babban abu ne. Kilomita 163,000 ba mutuwa ba ce.

Injiniya:
Alhaji, da girmamawa, 163,000 ita ce mafi ƙarancin abin da ta ci, ba mu san ranar da aka ajiye lambar ba. Tana iya zama 200,000 ko fiye. Kuma abin da aka goge a inji ba mu gan shi ba.

Oga Mai Gareji:
Ranka ya daɗe Alhaji, a nan ba na tare da kai. Da yoyon ruwan ne kaɗai, da na ce a yi lissafi a rage kuɗi a ɗauka, don ciwo ne sananne mai magani. Abin da ya tsaya mini shi ne abu uku sun haɗu: an ɗumama inji bayan an yi alƙawari, an share lambobi, an taɓa agogo. Ko mai motar ne ya yi ko wanda ya sayar masa, sakamakon ɗaya ne, babu wata magana a kan motar nan da za ka iya jingina da ita. Ga kuma tambayar da ba wanda zai amsa maka: tun yaushe take zubar da ruwa, kuma ta taɓa tafasa? Ragi yana biyan ciwon da aka gani aka yi masa kuɗi. Sauke inji a irin wannan motar kuwa, kayan gyaranta da ladan aikinta suna nan a matsayin motar alfarma, ba su sauka tare da farashinta na hannu ba.

Baban Walid, in har zuciyarka ta ƙi sakinta, to kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ta kwana a garejin bakanikenka, makulli a hannunsa, a tayar da ita da sanyi, a yi gwajin shuɗin ruwa, a auna matsin kowace silinda, a yi tafiya da ita har gwaje-gwajen kwamfuta su kammala a ga abin da zai dawo. In mai ita ya ƙi, ka bar masa kayarsa. Range Rover Sport ba ita kaɗai aka ƙera a 2014 ba, za ka sami wadda ke da takardunta.

Baban Walid:
Na gabatar masa da sharaɗin, ya ce ba zai bar motarsa ta kwana a wani wuri ba, kuma akwai mai saye da ke jira. Na yi masa godiya. Mai Lexus ɗin shi ya amince a kai ta gareji ta kwana.

Ɗan Auta:
Ai na faɗa tun farko.

Oga Mai Gareji:
Ba a duba ta ba tukuna, Ɗan Auta. Baban Walid, a yi mata duk abin da aka yi wa waccan ba ragi. Ka ce wa bakaniken ya haska bayan injin ta saman giya ya nemi busasshen ruwa mai launin hoda, nan ne yoyon farantin kwari ke gangarowa. A tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri a auna tsayin hagu da dama saboda KDSS, a ƙwanƙwasa firam da guduma daga gaba har baya, musamman kusa da ƙafafun baya da wurin safayar taya. Ka turo mana hoton rahoton na'urar kafin a goge komai.